Tambaya da Amsa: Yarona ba ya buga gem, kallon masu bugawa yake

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, dan Allah ina da tambaya akan yarona, shekararsa 14. Da gidan gem ne rigimarmu da shi, da ya daina zuwa har na ce Alhamdulillah, ashe tsugune bata ƙare ba. Yanzu wayata yake ɗauka ya shiga YouTube yana kallon wani bature yana buga gem, shi fa ba ya bugawa, kallo kawai, har ihu yake shi kaɗai a ɗaki. Rannan na leƙa naga wani ɗan mutum mai jar hula yana ta gudu ga agogo a gefe yana ƙirge, yana ƙarewa ya sake kunno irinsa. Datar da nake sati da ita yanzu ko kwana uku bata yi. Wai meye daɗin kallon wani yana wasa? Ko addu'a za a nema masa?
Wata uwa daga Ɗorayi, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Addu'a kam kullum a yi masa, amma ki kwantar da hankalinki ba gamo ya yi ba. Mai jar hular nan Mario ne, kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da gem ɗinsa Super Mario Bros. a 1985, da yawanmu a Kano mun buga shi da rawayen kaset ɗin nan da ake jonawa a talabijin. Abin da yaron yake kallo kuma tsere ne, wa zai fi kowa saurin cinye gem ɗin daga farko har ƙarshe, shi yasa kika ga agogo.

Gem ɗin mataki 32 ne, mu da muna wuni a kansa a ɗauke wuta bamu cinye ba. Su waɗannan akwai ɓoyayyun bututu da suke bi su tsallake yawanci, mataki 8 kawai suke bugawa, kuma gwanayensu suna gamawa a minti 4 da sakan 54 da ɗan ɗoriya. To akan ɗoriyar nan ake fafatawa shekara da shekaru Hajiya! Hoton gem ɗin yana sauyawa kusan sau 60 a kowane sakan, akwai tsallen da sai a cikin ɗaya daga sittin ɗin nan mutum zai danna maɓalli, ya kuskure shikenan ya koma farko. Har ma sun gano cewa a ƙarshen mataki gem ɗin sai bayan kowane hoto 21 yake buɗe hanyar wucewa, kamar jirgin ƙasa mai tashi akan lokaci, ko ka riga zuwa tasha sai ka jira shi, in ka makara da ƙiris sai na gaba. Mutum zai gwada sau dubbai kafin ya dace sau ɗaya. Ihun da kika ji, ina kyautata zaton ana dab da ƙarshe ne, agogo ya nuna za a kafa tarihi, hannun mai bugawa yana rawa, kowa ya san kuskure ɗaya zai zubar da komai.

Kuma gaskiya kallon nan ba sabo bane a wajenmu. Mutum nawa ne ke cika gidan kallon ƙwallo ranar Madrid da Barcelona alhali rabonsu da taɓa ƙwallo an shekara goma? Haka filin dambe. Ni kaina ina yaro a Fagge in muka je gidan gem mutum biyu ne ke riƙe da hannun gem, mu wajen goma muna tsaye a bayansu muna ta "buga mana! ba shi fas!" don bamu da kuɗin bugawa, wani lokacin ma kallon gwani ya fi min daɗi akan in karɓa a zura min biyar a gem ɗin ƙwallo na Winning Eleven a yi min dariya har gida.

Akwai kuma masu buga gem a hankali suna surutu, su ba tsere suke ba. Wannan kamar fim mai dogon zango ne, yaron da ba a iya saya masa na'urar gem ta PS5 ba a nan yake ganin labarin kyauta, kyauta ɗin dai banda datarki.

Abin ma ya wuce wasan yara a can, akwai taron Games Done Quick a Amurka tun 2010, ana yinsa sau biyu a shekara, masu tseren nan su yi sati suna bugawa dare da rana masu kallo suna tura sadaka, sun tara miliyoyin daloli, kuɗin taron tsakiyar shekara ƙungiyar likitocin nan ta MSF ake bawa. Sannan a Disambar 2023 wani yaro ɗan shekara 13, Willis Gibson, ya buga tsohon gem ɗin Tetris har mataki na 157 sai da gem ɗin ya sandare ya kasa ci gaba. Ki tambayi naki, zan yi mamaki in bai san labarin ba.

Inda nake so ki sa ido shine bakin masu bugawar, wasunsu ashar suke zubawa da turanci ba ƙaƙƙautawa, wasu gem ɗin kuma jini ne da harbe-harbe, ga tallan caca da ke faɗowa a tsakiya. Na Mario dai ba ruwansa. Ya cire abin kunne ki dinga jin abin da yake ji, a yanke masa lokaci, bayan Islamiyya da aikin makaranta, wayar kuma ta kwana a ɗakinki.

Batun data kuwa da sauƙi, in bidiyon ya buɗe ki danna alamar saiti a sama, wajen ingancin hoto ki mayar da shi 240p ko 360p, gem ɗin 1985 ne ba wani kyan hoto gare shi ba balle ya ce an rage masa. Ki kashe abin nan da ke kunno bidiyo na gaba da kansa ma, shi ne ɓarawon datar.