Me ya sa wasu makaɗa ke komawa ga tsohon fiyano?

Tambaya: Malam, na saurari wani makaɗi yana kaɗa sonatar Beethoven (wato dogon kiɗa mai kashi-kashi da wannan shahararren marubucin kiɗa na Turai ya tsara) da fiyano irin na zamanin da, sai na ji amon siriri ne, ba shi da kauri. Tun da ga na zamani, mene ne amfanin komawa ga tsohon yayi?

Amsa: Malam, kunnenka bai yaudare ka ba. Fiyanon da Anton Walter yake ƙerawa a birnin Biyana, irin wanda marubucin kiɗa Mozart ya mallaka wajen 1782, gangar jikinsa katako ce, madannansa 61 ne kacal, kuma 'yan gudumomin da ke bugun tsirkiya fata aka naɗa musu. Na yau madannansa 88 ne, da ƙashin ƙarfe mai ɗaukar tsirkiyoyi masu kauri, shi ya sa amonsa ke cika babban zaure ya kuma daɗe bai mutu ba.

Wannan daɗewar amo ita ce tushen maganar. A sonatar da ya rubuta a 1801, wadda aka fi sani da laƙabin hasken wata, Beethoven ya umarci a kaɗa kashin farko gaba ɗaya ba tare da an sauke abin da ke danne tsirkiya ya kashe amo ba. Idan aka bi umarnin a fiyanon zamani, sautuka za su cakuɗe har kunne ya kasa rarrabe su, don haka makaɗa ke ta takawa da sakin feda, wato abin takawa da ƙafa da ke ɗaga abin da ke danne tsirkiyar. A tsohon kuwa, kowane sauti yana dusashewa da wuri, sai ya bar 'yar inuwa kawai a bayan mai biye masa. Ranar da na fara gwada wannan da hannuna, a nan na gane cewa abin da ya rubuta shi yake nufi.

Haka kuma madannan tsohon fiyanon ba su da nauyi kuma ba sa nutsewa sosai, saboda haka wuraren gudu da ke wahalar da yatsu a yau suna zuwa da sauƙi.

Ban ce a yi watsi da na zamani ba, domin a zaure mai ɗaukar dubban mutane tsohon ba ya kai wa na baya. Shawarata ita ce ka nemi faifan makaɗi Ronald Brautigam, wanda ya naɗi sonatocin Beethoven duka da fiyanonin da maƙerin fiyano Paul McNulty ya kwaikwaya daga na asali, ka saurara a ɗaki shiru na 'yan kwanaki kafin ka yanke hukunci.