Me ya sa makiyaya ke ƙin naman tsirrai?

Tambaya: Malam, wai me ya sa makiyaya ke jin haushin naman nan da ake haɗawa da tsirrai? Ni fa ban ga laifinsa ba.

Amsa: 'Yar'uwa, sunan ne ya fi ci musu rai. Mutumin da ya kwana a tsaye kan saniya mai naƙuda, ga kuɗin abinci ga na likitan dabbobi, sai ya ga kamfani irin Impossible Foods ya sarrafa waken suya da mai ana kiransa nama, ai dole ransa ya sosu. Shi ya sa a 2018 jihar Missouri ta Amurka ta hana kiran abin da bai fito daga dabba ba nama, kuma ni ina ganin a nan suna da gaskiya. Sannan ga tsoron kada kasuwarsu ta faɗi.