Amsa: Hasken CrI3 da ya ƙi fitowa

Malam, ka ce ka haska leza a kan falle ɗaya (shimfiɗa mafi siranta da ake iya ɓarewa) na CrI3, wato sinadarin kromiyam da aidin, amma ba ka ga hasken da ake cewa yana fitarwa ba, balle ka san ko zangon hasken dama yake juyawa ko hagu yayin da yake tafiya. Hasken yana nan, inda kake dubawa ne ba nan ba. Yana fitowa ne wajen 1.1 eV (ma'aunin kuzarin haske), wato tsawon zangonsa ya kai kusan nanomita 1,100, can gaba da ja inda ido ba ya gani, kuma daidai nan ne na'urar kama haske ta silikon take gazawa. Nemi wadda aka yi da InGaAs, wani sinadari da ke iya kama irin wannan haske. Juyin kuwa sai maganaɗisu ya zauna, falle ɗaya kuma ba ya zama maganaɗisu sai ka sanyaya shi ƙasa da kelbin 45, wato kusan digiri 228 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas.

Amma kafin komai, duba ko fallen naka yana da rai. CrI3 ba ya jure danshin iska, musamman in haske na dukansa. Na taɓa sa wani ƙarƙashin madubin ƙara girma ba rufi, ina kallo gefensa ya fara tsattsafo da ɗigo-ɗigo kamar gishirin da ya sha damina, aikin kwana uku ya tafi. Ka ɓare shi cikin akwatin da babu iskar oksijin ko danshi, ka rufe shi sama da ƙasa da hBN (siririn fallen sinadarin boron da naitrojin da ke kare shi daga iska) tukuna. Ka kuma tabbata falle ɗaya ne, don in biyu ne maganaɗisunsu kan juya wa juna baya, juyin hasken ya ɓace.