Muryar Anti ga ƙanwarmu da ta ce ita ƙari ce a duniya

(Wannan muryar da Anti ta turo grup ɗin matasa jiya da dare ce, na zauna na rubuta ta saboda waɗanda suka ce ba su da data ko ta ƙi buɗewa a wayarsu.)

Salama a gare ku 'yan'uwa, barkanmu da dare, ya gajiyar sujada. Toh ku yi haƙuri muryar nan za ta ɗan yi tsawo, in kun ji ƙarar janareta na maƙwabta ne, tun la'asar aka ɗauke mana wuta.

Ƙanwata, ke da kika yi rubutu shekaranjiya. Na karanta na ajiye wayar, na je na sauke tukunya na dawo na sake karantawa. Kin ce lokacin da kike bautar ƙasa a kudu a cikin coci ma aboki suke kiranki, suna tambayarki wai yaushe kika tuba, kin dawo gida kuma in kika ce ke Bahaushiya ce sai a yi dariya a ce Bahaushiya kuma Kirista, ke dai faɗi ainihin yarenki. Ga digiri a akwati ba aiki, ga ƙannenki biyu an kai su ɗaki ke kina gida, har kika ce ji kike kamar ke ƙari ce a duniya, ko babu ke ba abin da zai ragu. Na ga wasu sun turo miki hannun addu'a da su Amin Amin, madalla, amma maganar nan ta fi ƙarfin sitika shi ya sa na ce bari in yi murya.

Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe, ni ma na sha wannan ruwan. Shekarar da zan shiga makarantar koyon aikin jinya na je sakatariyar ƙaramar hukumarmu neman takardar shaidar 'yar asalin gari, ba zan faɗi wacce ba, mutumin da ke kan tebur ya kalli fom ɗina ya ga sunana na baftisma ya ɗago kai ya ce malama ina jin kin yi ɓatan hanya. Na ce ban yi ba ranka ya daɗe. Ya ce toh garinku fa. Na faɗa masa ƙauyenmu, na faɗa masa unguwa, na lissafa masa kakanni har huɗu da sunaye irin namu na da, irin su Nomau da Tanko ɗin nan da ko shi ya san ba a kasuwa aka sayo su ba. Duk da haka sai da na koma na kawo wasiƙar mai unguwa, na yi sawu uku. A mota ina dawowa kuka nake a cikin gyale, ba don wahalar ba, don jin da na yi kamar jemage nake, ba ni cikin tsuntsaye ba ni cikin dabbobi.

Da na isa gida kakata ce ta tare ni, Allah ya ji ƙanta. Ita Bamagujiya ce ta can wajen Kafur, ta girma da tsafin gidansu, sai da ta yi 'ya'ya kafin ta ba da gaskiya, kuma a ajin yaƙi da jahilci na coci ta koyi karatu tana tsohuwa, da yatsa take bin layi tana haɗa baƙi. Daddawa take sayarwa ranar kasuwa. Na gaya mata abin da ya faru, ba ta ce min komai a kan mutumin ba ko kalma ɗaya, cewa ta yi ɗauko min Littafi, buɗe Matiyu sura 10 aya 29. Na karanta, wurin da Yesu ya ce ba 'yan tsuntsaye biyu ake sayarwa kobo ɗaya ba. Ta ce toh je ki Luka sura 12 aya 6. Na karanta, can kuma ya ce 'yan tsuntsaye biyar kobo biyu. Ta ce ke da kika yi boko yi min lissafi, biyu kobo ɗaya, kobo biyu nawa ke nan. Na ce huɗu. Ta ce toh na biyar ɗin daga ina ya fito. Na yi shiru. Ta ce gyara ce yarinya, gyara. Wanda mai kaya ke jefawa a kai don ciniki ya faɗa, ba wanda ya biya kuɗinsa, ba ya cikin lissafin mai saye ba ya cikin lissafin mai sayarwa. Ta ce ni kullum ina ba da gyarar daddawa ban taɓa ƙirga ta ba, amma ƙarasa ayar ki ji. Na ƙarasa, ya ce ko ɗaya daga cikinsu Allah bai manta da shi ba. Ko ɗaya. Har da na gyarar. Aya ta gaba kuma ya ce gashin kanku ma a ƙirge yake, kada ku ji tsoro, kun fi tsuntsaye masu yawa daraja.

Ita fa da take wannan maganar, mata ta uku ce a gidan mijinta, 'ya'yanta maza duk sun mutu suna ƙanana sai uwata kaɗai ta rayu, da ta koma bin Almasihu kuma dangi suka daina ci a ƙwaryarta. In akwai wadda ta san abin da ake kira ƙari a gida ita ce. Shi ya sa da na ga kin rubuta kalmar nan gabana ya faɗi, sai na ji kamar ita ce zaune a bakin turmi tana cewa yi min lissafi.

Yanzu maganar wai babu Bahaushe Kirista. Ƙanwata wanda ya faɗa miki haka bai san tarihi ba ne, kada ki tsaya yin fushi da shi, yawancinsu ba mugunta ba ce, ba a taɓa gaya musu ba ne kawai. Tun 1900 Dakta Miller, Bature ɗan mishan, ya shigo ƙasar Hausa tare da Bishop Tugwell, suka je har Kano Sarki Alu ya sallame su, daga baya Miller ya zauna a cikin birnin Zariya ya buɗe makaranta, a 1929 aka koma Wusasa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ki ƙirga shekarun da kanki. Dakta Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, Kirista ne. Farfesa Ishaya Audu ɗan Anchau, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma yi ministan harkokin waje a zamanin Shagari, Kirista ne kuma Hausa ya sha a nono. Ki je Malumfashi ranar Lahadi ki ji Zumuntar Mata da tulu da kacau-kacau, ko ki tsallaka Nijar wajen Maraɗi da Tsibiri da Galmi, Hausa ce tsantsa ake sujada da ita. Ba aro muka yi ba. Ranar Fentikos ma a Ayyukan Manzanni sura 2 abin da ya ba mutane mamaki shi ne kowa da harshen garinsu ya ji, ba a ce kowa ya fara koyon Ibrananci tukuna ba.

Amma ki ji ni da kyau, ban kawo sunayen manyan nan don ki jingina da su ba. Na kawo su ne don ki sami abin faɗa in an sake tambayarki. In da don farfesa da likita ne muke da daraja toh kakata mai daddawa fa, ina za mu sa ta.

Nan ne ma nake da magana da mu kanmu 'yan coci, pasto ya yi min afuwa in yana saurare. Mu ma muna taya duniya auna mutane da mudun da ba na Allah ba. Lokacin ba da shaida wa ke fitowa, wanda ya sami aiki, wadda aka kawo kuɗin aurenta, wanda ya sayi mota, mu yi ta tafi da guɗa. Ba laifi a gode wa Allah, a gode. Amma yarinyar da ke zaune a bencin baya shekara biyar tana addu'a ba ta sami ko ɗaya ba me muka koya mata, mun koya mata cewa Allah yana da 'yan gaban goshi ita ba ta ciki. Sannan mu tsofaffi da bakinmu, kullum mun gan ki sai yaushe za mu sha biki, yaushe za mu sha biki, muna ganin wasa ne. Ni ma na yi, na san na yi miki sau ɗaya a bakin ƙofar coci, ki yafe min.

Ki je ki karanta Farawa sura 16 da kanki a nitse. Hajaratu baiwa ce, baƙuwa daga Masar, an yi amfani da ita an wulaƙanta ta har ta gudu jeji da ciki. In kin lura a surar nan Ibrahim da Saratu ba wanda ya kira ta da sunanta, baiwata, baiwarki, haka suke cewa. Mala'ikan Ubangiji ne da ya same ta a bakin maɓuɓɓugar ruwa ya ce Hajaratu, daga ina kika fito, ina za ki. Ita kuma ta ce kai ne Allah mai ganina. Halinta bai canza ranar ba fa, gidan ta koma, uwargijiyar tana nan yadda take. Ba zan yi miki ƙarya in ce gobe za a kira ki aiki ko miji zai faɗo daga sama ba, ni ba annabiya ba ce, kuma duk wanda ya ce ki shuka iri na dubu kaza a buɗe miki hanya ki riƙe kuɗinki ki sayi data ki ci gaba da cike fom.

Wani abu kuma, in maganar nan ta babu ni ba abin da zai ragu tana yawan zuwa miki da dare, tana hana ki barci ko cin abinci, kada ki ɓoye, ba rashin bangaskiya ba ne, aikina ne na ga irinsa da yawa a asibiti, akwai masu duba shi kuma ana samun sauƙi. Ki kira ni ko ƙarfe nawa ne, lambata tana grup.

Kuma ajin yara na Sande Sukul ba su da mai koya musu karatun Hausa tun da malamarsu ta koma Jos, yaran nan Turanci suke haddace aya ba su san abin da suke faɗa ba, ke kuwa na ji yadda kike karatu ranar makon matasa, ko tuntuɓe ba ki yi. Na riga na yi wa dattijo maganarki, kada ki ce na yi miki shisshigi.

Cajina ya kusa ƙarewa. Ranar Asabar ina gida, zan yi dambu, ki zo da wuri ki taya ni gyaran zogale mu ƙarasa maganar, Littafin kakar tawa ma yana nan da shatin yatsanta a Luka 12 zan nuna miki. Sai da safenku, a gaida su Mama.