Na Daki Kwalbati, Sitiyarina Ya Karkace: Alaimen Kaɗai Ya Isa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah a taimaka min, ina da Corolla 2010, sati biyu da suka wuce ina dawowa daga Kaduna da daddare garin kauce wa mai adaidaita na daki bakin kwalbati da tayar gaba ta dama. Alhamdulillahi ba wanda ya ji ciwo, fenel bita ya gyara bamba da fitila mota ta dawo fes, amma tun ranar sitiyarin a karkace yake ko da ina tafiya miƙe, in na sassauta hannu kuma sai ta dinga ja dama. Bakanikena yace alaimen ne kawai, wani kuma yace tayarod ne (ƙarfen da ke juya taya in an murza sitiyari) ya lanƙwashe a gasa shi da wuta a miƙar. Wanne zan bi?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, sannu da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Gaskiya duk cikin su biyun ba wanda zan ce ka bi ido rufe, amma na biyun nan dan Allah kar ma ka saurare shi.

Kaga sitiyari baya karkacewa haka kawai, wani ƙarfe ne a ƙasa ya gusa ko ya lanƙwashe. Mai alaimen zai iya juya zaren tayarod har sitiyarin ya dawo tsakiya kaji daɗi ka biya ka tafi, alhali ƙarfen yana nan yadda kwalbati ta bar shi. Alaimen shi ne aikin ƙarshe, bayan an gano abin da ya lalace an canza.

A ɗaga motar a jak tukuna. Ka kama tayar gaba da hannu biyu, ɗaya a gefenta na hagu ɗaya a na dama, ka girgiza, in tana wasa ko kaji ƙwas ƙwas toh tayarod ne ko rak, wato dogon ƙarfen da sitiyari ke turawa hagu da dama, wanda tayarod ke haɗe da shi. Ka sake kamawa sama da ƙasa, wasa a nan yawanci bol joyin ne (mahaɗar da taya ke juyawa a kanta) ko boris. Sai a leƙa da tocila a kwatanta ɓangaren da ya bugu da lafiyayyen, tayarod, lowa am (ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa), ƙafar shokazoba, har rim ɗin kansa, da robar da ta rufe rak ko ta yage, don in ta yage ƙura da ruwan damina ne zasu cinye shi a hankali. Akwai wata dabara mai sauƙi da nake so, a miƙar da tayoyi a sa tef a auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a kowane gefe, in gefen dama ya gaza to tayar ta koma baya kenan. Sannan daga tsakiya ka murza sitiyarin har ƙarshe hagu, ka dawo ka murza dama, juyin ya zo daidai kuma kar ya cije a hanya.

Maganar gashi kuwa, wlh abin nan na bani tsoro a garejinmu. Ƙarfen da ya lanƙwashe ya riga ya yi rauni, a sake gasa shi ko a yi masa walda sai ya ƙara lalacewa, ido ba zai gani ba, ranar da zai karye kuma ba sallama zai yi ba, kana kan gudu taya ɗaya zata kama gabanta. Nawa ma tayarod ɗin yake? Ka saya sabo mai kyau, in kuma na Beljiyam zaka ɗauka a Panteka ko Ƙofar Ruwa ka tafi da wanda ya san kaya.

Irin motarka sitiyarin lantarki gareta, babu mai balle ka nemi yoyo, fitilar sitiyari zaka lura da ita a dashbod, in bata mutu ba bayan ka tada mota a sa mata kwamfuta. Masu tsofaffi irin Golf 3 su ne zasu duba man sitiyari da tiyo. Baka ce eyabag ya fashe ba, da ya fashe da sai an duba sandar sitiyarin ma, don an ƙera ta ne ta nutse lokacin karo.

Kafin a gama duk wannan ka haƙura da hanyar Kaduna, daga gida sai gareji, a hankali. In an gama a gwada ta a shimfiɗaɗɗen titi mara cunkoso, kai da bakaniken a ciki.