Yaya, ga dalilin da ya sa muka kai yarinyar koyon adowa

Yaya, na ji abin da ake faɗa a Maradi tun da bidiyon nan ya zaga wayoyin dangi: wai Bahaushe ya zaro kuɗi ya biya a koya wa 'yarsa adowa, rawar Ashanti, ko dai mun zama Tonawa, wato mutanen Ashanti, ne? Ba mu zama ba. Ka zo unguwar Aboabo ko Asawase a nan Kumasi ka ji da wane harshe ake ciniki da wa'azi, muna da Sarkin Zango, yaranmu suna zuwa makarantar allo. Amma a Kumasi muke, kuma uwar yarinyar nan Batoniya ce, Musulma. Na san nan ne abin yake yi muku ƙaiƙayi, ba rawar ba.

A wajensu ɗa na dangin uwa ne, a wajenmu na uba. Ka ga yarinyar ta tashi da gida biyu, kowanne yana cewa tasa ce. Ranar Asabar in aka yi zaman makoki a dangin uwarta, kowa cikin baƙi da ja, aka buga ganguna da kuge, ana sa ran jikokin gidan su fito su taka adowa. Rawa ce da hannu yake magana a cikinta, akwai motsin gaisuwa, akwai na nuna baƙin ciki. Wanda bai iya ba sai ya yi nuni da hagu a gaban manya, ya jawo wa iyayensa magana. Wannan kunyar muka guje wa.

Kuma ba wajen kowa muka kai ta ba. Masu koyarwa sun yi yawa a gari, mafi yawansu samari masu lasifika, azonto, rawar zamani ta Gana, da rawar bidiyo suke koyarwa. Wanda yake son 'yarsa ta yi suna a TikTok sai ya je can, mu ba shi ya kai mu ba. Uwargida ta zauna ta kalli darasi tun daga farko har ƙarshe kafin mu biya ko sisi. Wadda muka zaɓa dattijuwa ce, da makaɗa na gaske take aiki, kuma ba ta barin yarinya ta ɗaga hannu sai ta faɗi abin da motsin yake nufi. Mun gindaya sharuɗɗa: su kan ɗaura zane a ƙirji kafaɗa a waje, tamu da riga da ɗankwali za ta yi. Ba za ta tsaya inda ake zuba wa kakanni giya ba. In la'asar ta yi a sallame ta. Matar ta yi dariya ta ce ai ba yau ta fara koyar da 'yan Zango ba. Da ta yi gardama, da mun nemi wata.

Ka tuna labarin da Baba yake bayarwa na 1969, da gwamnatin Busia ta ce baƙin da ba su da takardu su fice daga Gana. Kakanmu, wanda fataucin goro ya kawo shi, ya kulle ɗaki ya miƙa wa maƙwabciyarsa Batoniya makulli. Da ya dawo ko tabarma ba ta ɓata ba. Mutanen da ake cewa kada mu haɗa jini da su ke nan.

Abin da ke ba ni haushi kaɗan, ku da kuke cika fili kallon 'yan kokawa suna taka rawa gaban makaɗa, kuke liƙa wa masu kalangu a biki, ku ne yau rawa ta zama abin mamaki a wajenku. In mun zo Maradi ku ce ga 'yan Gana, a Kumasi kuma a ce ga 'yan Zango. Mun saba.

Wani abu ɗaya nake nema a wajenka. Gaɗa ta ɓace mana a nan, ko uwarmu baiti biyu kawai take tunawa. In har akwai wata tsohuwa a unguwarku da ta riƙe waƙoƙin da tafinsu, ka yi mata magana, da hutun makaranta zan turo yarinyar ta zauna wajenta. Ka gaida Inna da yara.