Amsa ga Malama kan koya wa yara sauyin yanayi da hoton da ke motsi a waya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Malama, Allah ya ƙara sani, kin tambaya ko fasahar AR, wadda ake haska kyamarar waya a kan zane sai ya motsa ya yi magana, za ta yi wa 'yan aji biyu da uku a nan Argungu. Za ta yi, amma sai an tsara.

Ki fara da wayar. Yawancin ƙananan wayoyi masu Android Go ba sa ɗaukar ARCore na Google, wato tsarin da ke sa waya ta nuna abu kamar yana tsaye a cikin ɗaki, don haka kada ki wahala da manhajar da ke ajiye dabba a tsakar aji. Ki nemi irin Artivive, wadda ke gane zane ta ɗora bidiyo a kansa. Tana buƙatar data, ki gwada a cikin ajin kafin ranar.

Zane uku sun isa, a farar takarda A4 marar sheƙi, da baƙin layi mai kauri. Takarda mai sheƙi tana mayar da haske, kyamara ta kasa ganewa. Haka zanen da ya cika abu iri ɗaya, kamar layukan shinkafa zalla. Ki sa kwalekwale ko giginya a gefe. Ki manna a kwali don kada ya lanƙwashe.

Labarin kuwa, nan ne aikin yake. Ki bar batun narkewar ƙanƙarar Turai, yaranmu ba su san ta ba. Ki yi tatsuniya: Gizo na noman shinkafa a fadamar Matan Fada. Zane na farko gona kore. Na biyu hayaƙin motoci da masana'antun duniya ya taru a sama yana riƙe zafi, iska mai zafi kuma tana ɗaukar ruwa da yawa, sai ta sauke shi lokaci guda. Na uku ambaliya, irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafar Kebbi, iyayensu duk sun san ta. Kowane bidiyo kada ya wuce daƙiƙa 40, da muryarki, da Hausarmu.

Don Allah kada labarin ya ɗora laifi kan uwar da ke girki da ice. Yaro zai koma gida da damuwa, alhali mafi yawan hayaƙin ba daga murhunta ya fito ba.

Yara biyar ga waya ɗaya, minti goma, a inuwa, domin kyamara na cin batir kuma zafin Afrilu na iya kashe wayar.

Daga nan a ajiye waya. Ki kawo faranti biyu cike da ƙasa, ɗaya da ciyawa a kai, ɗaya tsirara, ki jingina su, yaro ya zuba kofin ruwa a kowanne. Su faɗi da bakinsu wanne ne ruwan ya kwashe ƙasarsa, sannan ki tambaye su me Gizo zai shuka a bakin gonarsa.